Nalado Mai Auna Hayaƙi da Hanci

Wani bakanike ne a garejinmu na Gindin Ɗorawa, ana ce masa Nalado. In kun taɓa kai mota garejin nan ba ku ji muryarsa ba, to ranar yana gida kwance ba lafiya. Gajere ne, ga tumbi, ga wani hanci da Allah ya ɗora masa a tsakiyar fuska kamar albasa. To wannan hancin shi ne abin taƙamarsa.

Sauran makanikai in an kawo mota sai su buɗe bonet, su kasa kunne, su taɓa nan su taɓa can. Nalado ba ya wannan wahalar. Bayan mota yake zagayawa, ya durƙusa a bakin salansa, ya lumshe ido, ya ja hayaƙi fuuut! Sai ya miƙe yana kaɗa kai, ya ce, "Fulogi na uku ne." Ko ya dubi mai motar ya ce, "Alhaji, faɗi gaskiya, wannan man ba a garin nan ka sha shi ba."

Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kauce. In ya dace, har mai ƙosai ta tsallaken titi sai ta ji labari. In ya kauce kuwa, to mura ce ta ɗan taɓa shi ranar.

"Ku tsaya ku ji," haka yake cewa in an zauna shan shayi. "Da hancin nan na taɓa gyara jirgin ƙasa yana cikin tafiya. Ina tsaye bakin dogo ya wuce, na shaƙa sau ɗaya, na aika wa direban saƙo. Har yau yana aiko min da gaisuwa."

Ni facin taya nake yi a bakin ƙofar garejin, rumfata na kallon tasa, saboda haka kunnuwana sun sha wuya. Ba na ƙinsa, wallahi. Mutum ne mai kyauta, in yana shan rake sai ya karya maka. Bakin ne dai ba birki.

Ana nan sai Baba Jatau, Sarkin Makanikan garejin, ya ce tsufa ya zo masa, ido ya fara yi masa gardama, zai sauka ya naɗa wa wani rawani. Kada ku raina wannan rawanin. Mai shi ne ke raba rigima, shi ke zama a gaba in an yi taro, kuma duk motar babban mutum da ta shigo, wurinsa take fara tsayawa. Tun ranar da Baba ya furta, Nalado ya daina barci. Bai jira an ce masa komai ba ya kai ɗinkin babbar riga, farar shadda tas, mai aska tara. Ya aika ƙauye aka gaya wa surukansa su shirya zuwa naɗi. Ya hana mai shayi kiransa da suna, wai "Sarki mai jiran gado" za a riƙa cewa.

Baba Jatau yana ji, yana murmushi, yana tauna goronsa.

Rannan da hantsi sai ga wata tsohuwar Fijo ta shigo, irin ta zamanin da, mai kalar madara, fitilunta zuru-zuru, tana tafe tana jan baƙin hayaƙi a baya. Duk wanda ya haura hamsin a garejin sai da ya ajiye sifana ya miƙe. Mace ce a sitiyari. Injiniya Uwani ke nan, malama a kwalejin fasaha ta garinmu. Motar ta marigayi mahaifinta ce, kuma tun tana sabuwa a leda Baba Jatau ke duba ta.

Ta durƙusa ta gai da Baba, ta ce, "Baba, taron masu tsofaffin motoci za a yi, ina so in kai ta don tunawa da Alhaji. Amma a ƙofa suke auna hayaƙi, in ya yi yawa ba shiga. Ni lantarki na karanta, irin wannan kafireta ta da sai ku."

Kafin Baba ya buɗe baki Nalado ya riga ya iso. "Hayaƙi? Hajiya, ai kin zo gidansa!"

Uwani ta buɗe but ta fito da wani ɗan akwati mai fuska kamar rediyo, da doguwar tiyo a jikinsa. Ta ce na'urar awon hayaƙi ce. Jama'a suka matso. Ta yi bayani a hankali, irin na malamai: a cikin hayaƙin mota akwai wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. In mai ya fi ƙarfin iska a kafireta, inji ya kasa ƙone shi duka, sai gubar ta yawaita. Ta ce ita ce ke kashe mutanen da ke kunna janareta a ɗaki su rufe ƙofa. Ta ce tsohuwar mota irin wannan, in tana silo, wato inji na aiki mota na tsaye, bai kamata na'urar ta nuna abin da ya wuce uku ba.

Nalado ya tuntsire da dariya. "Ba ta da wari? A hancin wa? Hajiya, duk abin da ya fito daga salansa, ni da shi mun san juna. Mayar da rediyonki."

"To Malam Nalado, bismillah. Inji ya yi zafi, ga ta tana silo. Nawa hancinka ya ce?"

Ya gyara wando, ya durƙusa, ya lumshe ido. Fuuut! Ya ɗan yi tari, ya haɗiye. Ya sake ja. Ya miƙe ido jawur.

"Uku cif. Baƙin da kuke gani tsufa ne kawai. Amma guba babu, numfashin jariri ke nan."

Uwani ta kunna na'urar. Ta zura tiyon cikin salansa. Lambobi suka fara hawa. Uku. Biyar. Bakwai. Na'ura ta tsaya a tara, ta ɗauki kuka, ƙiii! ƙiii! ƙiii!

Ila mai walda, maƙwabcin Nalado, ya ce, "Kai! Wannan jaririn taba yake sha?"

Gareji ya kaure da dariya. Da wani ne, da ya ji kunya ya ja da baya. Ban da Nalado.

"Na'urar ƙasar sanyi ce," in ji shi. "Ina ta san hayaƙin ƙasarmu? Rana ce ta buge ta."

Sai Baba Jatau ya tofar da goro ya yi gyaran murya. In Baba ya yi gyaran murya kowa shiru yake yi.

"Nalado, ka daɗe kana neman rawani, ni kuma na daɗe ina neman abin da zan gwada ka da shi. Ga shi Allah ya kawo. Ranar Lahadi za mu taru a nan. In wannan akwatin ya nuna uku ko ƙasa da haka, na naɗa maka. In ya wuce, ka sayar da babbar rigarka."

"Ranka ya daɗe, Lahadi ta yi nisa! Kafin la'asar ma na gama."

Uwani ta bar motar, ta bar akwatin a hannun Baba. Da za ta tafi ta ce, "Malam Nalado, ɗan sukurun nan da ke daidaita mai da iska, kaɗan-kaɗan ake murɗa shi, a jira inji ya nutsu, a duba lamba, sannan a ƙara."

"Hajiya, tun kina goye nake murɗa wannan sukurun. Sauka lafiya."

To fa. La'asar ta yi ta wuce. Nalado ya murɗa sukuru ciki, mota ta yi tari, ta yi rawar sanyi, ta mutu. Ya murɗa waje, ta turnuƙe garejin da hayaƙi har mai ƙosai ta aiko da kashedi. Ya sauya fulogi. Ya busa tiyon mai da baki. Ya yi mata magana a hankali, ya zage ta, ya ba ta haƙuri. Washegari ya lallaɓa wurin Baba ya ari akwatin, wai ba motar zai gwada ba, akwatin zai gwada ya ga ko ya warke. Akwati ya ce takwas. Ya sake murɗawa. Akwati ya ce takwas da rabi.

Daga baya ne aka gano abin da ke damun baiwar Allah. Ta daɗe a ajiye, zanzaro ya gina gidansa na laka a cikin matatar iska, ya toshe ta. Mota ba ta samun numfashi, ina za ta ƙone mai? Da ya kwance murfi ɗaya da ya gani. Amma Nalado ya sha faɗa a bainar jama'a cewa shi ba ya buɗe abin da hancinsa bai nuna masa ba, kuma idonmu na kansa.

Ido ya fara raina fata. Tumbi ya fara sacewa. Surukai kuwa sun aiko cewa mota guda suka ɗauko shata.

Yana cikin wannan hali, ya zura tiyo, sai tiyon ya zame ya fito rabi. Lamba ta faɗo daga takwas zuwa huɗu. Ya tura ciki, ta hau. Ya janyo, ta sauka. Ina daga rumfata na ga ya tsaya cak, ya dubi hagu ya dubi dama, murmushi ya fara tsattsafo masa. Ashe lissafin da ya yi ke nan: in hayaƙin ya sami wata ƙofar fita tun kafin ya iso bakin salansa, iska kuma ta shiga ta cike gurbinsa, akwati ba zai ji komai ba sai alheri.

Ranar Asabar aka yi sunan ɗan Ila mai walda. Gareji kaf aka tafi cin waina. Nalado ya ce cikinsa na murɗa, a gai da mai jego. Nalado ya ƙi waina da miyar taushe? Nan na ce da walakin, goro a miya. Ni wata tayar tirela ce ta riƙe ni, mai ita na tsaye a kaina. Can sai na ji ƙirrrr! ƙirrrr! Ƙarar injin huda ƙarfe. Na leƙa, ba na ganin komai sai ƙafafu biyu a ƙarƙashin Fijo.

"Sarki mai jiran gado, me ake yi ne?"

"Sirrin sana'a ne. Koma kan facinka."

Na koma. Wallahi ban san abin da yake yi ba a lokacin. Ashe bututun salansa yake hudawa. Kuma don wayo bai huda ta ƙasa ba, inda duk wanda ya sunkuya zai gani. Ta sama ya huda, ɓangaren da ke kallon cikin mota. Abin da bai tsaya ya duba ba shi ne daidai wurin, gaban kujerar baya, tsatsa ta riga ta cinye ƙarfen ƙasan motar, shimfiɗar roba ce kawai ta rufa asiri. Hausawa dai sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Lahadi ta zo. Garejin ya cika maƙil: makanikai, masu fenti, masu wayarin, surukai daga ƙauye sun yi sahu a kan benci. An ɗauko masu kalangu da maroƙi. Sai ga Nalado cikin farar shadda, ta sha sitaci tana ƙara ƙwaras-ƙwaras, ya zuba turare kamar ya yi wanka da shi. Tafiya yake kamar ƙasar ma alfarma yake mata.

Uwani ta tayar da mota. Inji ya kama, amma da wata sabuwar murya: fat-fat-fat-fat.

"Malam Nalado, wannan ƙarar fa? Da ba ta yi."

"Ƙuruciya ce ta dawo mata, Hajiya. Haka take kuka ranar da Alhaji ya sayo ta. Ke ba ki da wayo lokacin."

Ta jira inji ya yi zafi, ta zura tiyo. Kowa ya miƙa wuya. Lamba ta hau, ta hau, ta tsaya a ɗaya da rabi. Akwati shiru, ko ƙiii.

Surukai mata suka rangaɗa guɗa. Kalangu ya ɗauka. Nalado ya ɗaga hannaye sama yana juyawa.

"Uku aka ce, na ba ku ɗaya da rabi! Ragowar kyauta ce! Ina masu dariya? A gaya wa akwati ya zo ya ɗauki darasi!"

Uwani dai ba ta yi murna ba. Ta zare tiyo, ta sake zurawa. Ɗaya da rabi. Ta tattare mayafi ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin mota. Bututu lafiya lau. Ta miƙe ta ce, "Baba, abin nan ya yi kyau da yawa. Tsohuwar mota ba ta yin haka."

Baba Jatau ya daɗe yana kallon Nalado. Sannan ya ce, "'Yata, magana zarar bunu ce. Na ce uku, ya kawo ƙasa da uku. A yi zagaye."

Zagaye al'adar garejinmu ce. Wanda za a naɗa, a motar da ya gyara ake ɗaukarsa, a bi da shi layi-layi kowace rumfa ta gan shi, a dawo gindin ɗorawa inda sarki mai barin gado ke jira da rawani. Uwani ta ce ba mai tuƙa motar mahaifinta sai ita. Ta shiga gaba, ta sauke gilashinta. Nalado ya shige gidan baya, ya baje babbar riga ta rufe ƙafafunsa har ƙasa, ta rufe shimfiɗar roba ruf. Sai ya kama mariƙin gilashi ya murɗe shi sama.

"Malam Nalado, da zafin nan?"

"Hajiya, kin taɓa ganin babban mutum da gilashi a buɗe? Ja mu je."

Mota ta ɗaga a hankali, tafiyar ƙafa, kalangu a gaba, jama'a a gefe. Ni ina daidai tagarsa, ina ganin komai. Layin farko lafiya. Yana ɗaga hannu ɗaya-ɗaya, yana gyaɗa kai, ba ya ko murmushi, wai ƙasaita.

Muna shiga layin masu fenti sai na ga rigar ta fara kumbura. Hayaƙin nan yana fitowa ta ramin da ya huda, ya bi ta ɓular tsatsa, ya ɗaga roba, ya tarar da babbar riga ta yi masa rumfa. Ina zai bi? Sai sama. Ya bi ta cikin riga, ya fito ta wuya, ya doki hanci kai tsaye.

Maroƙi ya hango, ya wage baki: "Sarki ya cika ya batse! Ku dubi kwarjini! Tun ba a naɗa ba riga ta san mai ita!"

Uwani ta waiwayo. "Malam Nalado, ba ka jin warin hayaƙi a cikin motar nan?"

To ku gaya mini, me zai ce? Gaba kura, baya sayaki. In ya ce yana ji, ya tona kansa. In ya ce ba ya ji, ya ci gaba da sha.

"Hayaƙi? Turarena ne, Hajiya. Na Makka ne, yana da ƙarfi."

Hawaye suka fara zubo masa shar-shar.

"Allahu akbar!" in ji maroƙi. "Sarki na kukan tausayin talakawa! Wa ya ga shugaba mai taushin zuciya!"

Surukai suka ƙara guɗa. Wata tsohuwa a cikinsu ita ma ta fashe da kuka.

Nalado ya saci hannu ya kama mariƙin gilashi, wai ya ɗan sassauta ba tare da an lura ba. Ya murɗa. Ɓalas! Mariƙi ya ɓalle a hannunsa. Ya dube shi, ya tura shi aljihu. Ya lalubi mabuɗin ƙofa ya ja. Tsohuwar mota, ƙofar bayanta ta ciki ta daɗe da mutuwa, sai ta waje ake buɗewa. Ya danne wuyan riga da hannu biyu, hayaƙi ya koma ya ɓullo ta hannayen riga. Ya saki wuya ya kama hannaye, hayaƙi ya dawo ta wuya.

Ya fara hamma. Kai ya fara lilo. Hula ta karkace ta rufe ido ɗaya. Ya manna tafin hannu a gilashi yana bugawa, tas-tas-tas.

"Sarki na gaishe ku!" in ji maroƙi. "Ku amsa!"

Jama'a suka ɗaga hannu, "Ran sarki ya daɗe!"

Gaskiya a nan dariyata ta tsaya, don na ga idonsa ya juye. Na buga bayan mota na yi ihu. Uwani ma ta riga ta gani ta madubi, ta taka birki, ta kashe inji, ta fito a guje ta fizge ƙofar baya. Wani gajimaren hayaƙi ya fito bus, Nalado ya biyo bayansa, ya zubo ƙasa timm kamar buhun dusa.

"A kawo ruwa!"

"Madara! Madara ake ba wanda ya sha hayaƙi!"

"Manja dai!"

"Ku matsa ku ba shi iska!" in ji Uwani. "Iska kawai yake buƙata. Ku ja shi inuwa, ku cire masa rigar nan."

Aka kama riga aka zare ta ta kai. Waje fari tas, ciki baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Singiletinsa baƙa, wuya baƙi, gemu baƙi, ƙofofin hanci kuwa ba a magana. Aka yi ta yi masa fifita da kwali. Wani bai ji bayanin Uwani ba ya sheƙa masa bokitin ruwan da nake gwada tayoyi a ciki. Ya yi atishawa, hatsss! Ya buɗe ido.

"An naɗa?"

Jama'a suka dare, sai ga Baba Jatau ya taho dogare da sanda, sabon rawani a hammata.

Uwani ta ɗauko akwatinta. Ta yaye shimfiɗar roba, sai ga ɓula, kana hango ƙasa ta ciki. Ta ce kowa ya ja baya, ta tayar da inji, ta sa tiyon a wurin. Akwati bai tsaya ƙirga ba, ƙiiiiiii! kamar an taka wutsiyar kare. Ta kashe. Ila mai walda ya jiƙa tsumma, ya kwanta ya shige ƙarƙashi, ya shafa saman bututu. Ya fito yana kaɗe hannu.

"Baba, rami ne a sama. Sabo fil, bakinsa na ƙyalli."

Nalado na zaune a ƙasa, ruwa na ɗiga daga gemu. Kun san me ya ce?

"Tsatsa ce."

"Tsatsa," in ji Baba. "Tsatsa mai huda rami zagayayye sumul, ta kuma zaɓi inda ido ba ya gani. Lalle wannan tsatsar ta yi koyon sana'a."

"Ranka ya daɗe, ko da rami ko ba rami, hayaƙin nan ba guba a cikinsa. Na auna shi da kaina tun daga layin farko, tsaf yake. Abin da ya kayar da ni yunwa ce, ban karya ba. Ga rana, ga nauyin riga. Amma hayaƙi? Ni da hayaƙi? Ko kwana zan yi a cikin motar nan ba abin da zai same ni."

Na dubi surukansa. Babban cikinsu ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

Baba Jatau ya gyaɗa kai a hankali. "To alhamdulillahi. Tunda yunwa ce, magana ta ƙare. Mun yarda da kai." Ya taka da kansa ya buɗe ƙofar baya, ya riƙe ta. "A mayar masa da rigarsa. Rabin zagaye ya rage, kuma ba a naɗa wanda bai ƙarasa ba. Ga rawani a hannuna. Bismillah, shiga."

"Baba!" in ji Uwani.

Baba ya ɗan kanne mata ido. Ta gane, ta miƙa hannu ta taga ta murɗa makulli. Fat-fat-fat-fat. Wani siririn hayaƙi ya taso ta ɓular nan yana lanƙwasa, daidai inda Nalado zai zauna.

Aka zura wa Nalado riga. Ya miƙe yana tangaɗi. Ya dubi rawani. Ya dubi kujera. Ya dubi surukai. Ya yi taku ɗaya gaba, hayaƙin ya shafo fuskarsa, ya yi biyu baya. Kalangu ya yi shiru.

Nalado ya matsa kusa da Baba, ya sassauta murya, amma duk mun ji.

"Ranka ya daɗe... wai zagayen nan, ba a yin sa a ƙasa?"

"Ana yi mana," in ji Baba Jatau, ya mayar da rawani hammata ya matse. "Uwani, kashe injin. Nalado, naɗe riga ka tura motar."